Bencin Ɗan Farin Lantana

Duk wanda ya saba hawa tudun Pelourinho da hantsi a shekarun can ya san Lantana, ko da bai san sunanta na gaskiya ba. Ita ce doguwar matar nan mai aska a kumatu, da faffaɗan tire na katako a ka, tana tallan alawar kwakwa da wata irin murya da ake jiyowa tun daga dandalin gidan wasa, wanda suke kira Largo do Teatro. Mutanen birnin Salvador, can ƙetaren teku, Tiya Rita suke ce mata. Tiya ɗin nan kalmarsu ce ta girmamawa, kamar a ce Gwaggo. Rita kuwa an liƙa mata shi ne ranar da aka sauke su daga jirgin ruwan bayi, aka jera su a rana, wani fada, limamin coci, ya bi layi yana yayyafa musu ruwa yana rabon sunaye kamar mai rabon goro. Ba wanda ya tambaye ta ko ta zo da nata. Ta zo da shi kuwa, tun daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau, inda mahara suka ɗauke ta a hanyar rafi tana yarinya ta fara ƙirgar dangi.

Shekarunta na farko a gonar rake ta yi su, inda ganyen rake ya tsattsaga mata hannu, har ta mutu tabon bai ɓace ba. Daga baya matar da ta mallake ta ta dawo da ita birni ta ɗora mata talla. Kowane mako ta kai wa matar abin da aka yanka mata, abin da ya saura ta zuba a adashin bayi. Da wannan adashi ta fanshi kanta, ta fanshi ɗanta. Uwa ta sayi ɗan da ta haifa da cikinta, a miƙa mata takarda, a kuma ce ta yi godiya. Haka dokar ƙasar take, masu dokar kuwa ranar Lahadi su ne a sahun gaba a coci da fararen kaya.

Mijinta Mahmudu Bakano ne, cikin masu ɗaukar attajirai a kujera daga bakin teku zuwa saman gari. Da aka haifi yaron, uwargijiyar Lantana ta sa aka rubuta shi Benedito a coci, sunan da ake ba kusan kowane baƙin yaro a garin don kada a wahalar da kai. Amma ranar bakwai Mahmudu ya shigo da wani tsoho, Malam Yahaya, ta ƙofar baya. Tun boren da Musulmi suka yi a garin, ɗan guntun rubutun allo ma in aka gan shi a aljihunka ya isa ya kai ka kurkuku, balle taron suna. Don haka ba maroƙi, ba guɗa, ba rago. Zakara aka yanka, Malam ya yi wa jariri huɗuba a kunne, ya faɗi sunan a hankali. Mutum uku suka ji: Malam, da uban, da uwar.

Sunan mahaifin Mahmudu ne aka mayar, don haka shi Ɗanbaba yake kiransa. Ita kuwa Lantana ta sami shamaki biyu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Ba ta taɓa buɗe baki ta faɗe shi ba. Yaron nan take cewa, ko kai, ko wancan mai idon. Maƙwabta 'yan Nago, wato Yarabawa, suna mata dariya, suna cewa wace irin uwa ce wannan da ba ta san sunan ɗanta ba. Ba ta taɓa tanka musu ba. An raba ta da garinsu ko allura ba ta ɗauko ba. Abu ɗaya ta ƙetaro teku da shi daga wurin mahaifiyarta, shi ne wannan alkunya, don ita ma har aka ɗauke ta ba ta taɓa jin Innarta ta ambaci sunan yayansu ba. Ta riƙe abin nan kamar yadda wata take riƙe ɗan kunnen gado.

Yaron ya tashi da kai kamar wuta. Aka sa shi makaranta, ya wuce ta ƙanana ya shiga ta manya, inda ake koyon lissafi mai zurfi da harsunan Turai. Yana shekara goma sha biyar ciwo ya same shi. Ƙishirwar da ba ta yankewa, yunwar da ba ta ƙoshi, fitsari ba dare ba rana, jiki kuma yana zubewa. Inda duk ya tsuguna sai kiyashi su yi baƙi. Likitan asibitin talakawa ya ce ciwon suga ne, a hana shi zaƙi da gari, a ba shi kifi da nama da ganye, sauran kuma sai abin da Allah ya yi.

Malamin makarantar ne ya yi abin da Lantana ba ta taɓa yafewa ba. Yaro ya ɗaga hannu zai fita, a zane masa tafin hannu. Ya nemi ruwa, a ce iskanci ne. Rannan ya kasa riƙewa a kan benci, aji ya ɗauki dariya, malamin ya kira uwar ya ce ta kwashe ɗanta, ba a zuba ilimi a yaron da ba zai yi ƙarko ba. Kamar shi malamin an ba shi takardar cewa zai dawwama. Yaron ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa. Ciwon bai sa shi kuka ba ko sau ɗaya. Ƙararrawar makaranta ce take sa shi juya fuska bango kowace safiya. Kafin shekara ta zagayo ya rasu, ba a daɗe ba uban ya bi shi.

Lantana ta yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a ɓoye, kamar yadda ta iya. Amma ta ce a ranta wannan sadakar ta ciki ce, a ci a manta. Ta ɗauki alkawari tsakaninta da Allah: sai ta zaunar da wani yaro mai irin ciwon nan a makaranta, a kan bencin da ba mai iya tayar da shi, ladan kuma ya tafi wa ɗanta. Ta koma adashi. Shekara goma ba ta ɗinka sabon zane ba.

Mutum ɗaya ta gaya wa, ita ce Kande, mai tuyar ƙosai, wadda suka haɗa ɗaki da ita a ƙasan wani tsohon bene bayan rasuwar Mahmudu. Kande tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta, Hausarta duk faci ce da Nago, amma a duk unguwar da ita kaɗai Lantana take iya yin faɗa da harshen gida. Kande ta ce wannan alkawari hauka ne. Ta ce mutane na tara abin fansar 'ya'yansu, ke kina tara wa yaron da ba ki sani ba, wanda sai ya kamu da ciwon ajali kafin ya cancanta. Lantana ta ce ta ji, ta juya ƙosanta kada ya ƙone.

A ƙarshen shekarar 1877 ta gan shi. Wajen famfon da ke kusa da wata ƙaramar makarantar manyan yara a bayan Pelourinho, wani siririn saurayi ya kafa baki yana sha kamar raƙumi, ya ɗago, ya yi taku kaɗan, ya koma ya sake kafawa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta yi kwanaki tana ajiye tirenta a wurin tana kallonsa, har rannan ya nufo ta da kwabonsa yana nuna alawa.

"Ba zan sayar maka ba," in ji ta.

"Tiya, kuɗin nawa na jabu ne?"

"Kuɗinka lafiya lau. Kai ne ba lafiya. Ina uwarka?"

Sunansa Firmino, uwarsa Joana mai wankau ce. Lantana ta tasa shi gaba har bakin tafkin da mata ke wanki, yana tafe yana mita cewa bai taɓa ganin mai talla tana korar ciniki ba. Joana ba ta musa ba. Ta ce kiyashi sun riga likita gaya mata, don ita ke wanke wandunansa. Ta ce wannan zangon ne na ƙarshe, za ta cire shi. Ta maimaita maganar da kowa ke gaya mata, cewa asara ce, tana faɗa tana matse rigar wani tana hawaye.

Allah ya gafarta wa Lantana, murna ta yi. Ta san bai kamata ba, ga uwa tana kuka, amma ƙirjinta kamar ana kaɗa ganga. Ta kama hannun Joana da kumfarsa da komai ta ce ba inda za a cire shi. Daga nan ba ta koma talla ba. Ta haye tudun nan da sauri kamar mai shekara ashirin, alawa na zamewa a tire, ta faɗa makarantar ba ko sallama.

Mai makarantar, Malam Anakleto, ɗan wata 'yantacciyar baiwa ne, gajere mai tabarau, mai saurin ɗoki. Lantana ta sauke tire a kan teburinsa ta jero masa sharuɗɗa. Ita za ta ɗauki nauyin karatun Firmino. In nasa ya ƙare, ko ta wace hanya ya ƙare, wani mai irin ciwon zai gaje shi. A yi masa benci nasa a bakin ƙofa, ya fita duk lokacin da ya so ba tare da ɗaga hannu ba. A ajiye randa kusa da shi. Abincin rana ita za ta kawo, kifi da kuɓewa da ganye. Wanda duk ya taɓa shi da bulala a kan fitsari, ita da shi ne.

Malam Anakleto ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce irin wannan kyauta sai a manyan makarantu ake jin ta, inda masu gonakin rake ke bayarwa don tunawa da matattunsu, bai taɓa jin mai alawa ta yi ba. Ya ce za a yi mata duk yadda ake yi musu, ba ragi. Za a sassaƙa sunan marigayin a jikin bencin, kuma kowace shekara ranar buɗe makaranta za a kira sunan a tsakar fili, yara su amsa. Ya gyara tabarau ya tambaye ta sunan.

Lantana ta dubi tirenta, ta dubi rufin ɗaki.

Ya zaci baƙin ciki ne ya riƙe ta, ya ce ba komai, ai ya tuna yaron, ba Benedito ba ne? Za a sa Benedito.

Saura kaɗan ta kifar da teburin. Benedito sunan da ke kan takardar saye ne. Shi malamin can ya kira ranar da ya kore shi. Ta yi shekara goma tana tara wa ɗanta sadaka, sai a zo a ɗora mata sunan da wata mata ta zaɓa tana hamma? Ta ce yana da wani sunan, na gaskiya, amma ita ba ta faɗarsa. Malam Anakleto ya yi ta kallonta. Ta yi masa bayani da Fotugis ɗinta na kasuwa, bai gane ba, amma mutumin kirki ne. Ya ce kafinta zai zo da safiyar ranar buɗewa, bayan hutu. Ta kawo sunan ta kowace hanya. In babu, dole a sa na coci, don benci ba ya zama ba suna.

A gida mace ba ta rasa mafita a irin wannan. Sai ta sa wani ya faɗa. Kande ta ce wannan ai abu mai sauƙi ne, ita za ta riƙa jero sunaye, in ta taka na gaskiyar sai Lantana ta yi tari. Suka zauna bakin murhu da rana, mai yana tafasa.

"Usman."

Shiru.

"Dauda. Adamu. Aliyu. Mahmudu."

"Wannan ai ubansa ne, sakarya."

"To an hana ɗa sunan uba ne? Musa."

Daidai nan hayaƙin barkono ya shaƙe Lantana ta sarƙe da tari. Kande ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ƙyar Lantana ta samu numfashin ce mata ba shi ba ne, hayaƙi ne. Kande ta zauna ta sake farawa, ta dawo kan Usman, ta dawo kan Dauda, ta kawo wasu sunaye biyu da suka tabbata na Nago ne, ta kawo na wani jaki da take tunawa a gidansu.

"Sunayen ne suka ƙare, Yaya," in ji ta. "Mazan Hausa nawa ne a duniya? Ke dai ki faɗa kawai, ba wanda zai kai ƙararki Zazzau."

Lantana ta ce bakin da ya faɗi sunan ɗan fari ai ba kunya a cikinsa. Kande ta ce ita dai ta ga marasa kunya da yawa a garin nan kuma duk suna cin abinci lafiya.

Saura Malam Yahaya. Rabonta da shi tun jana'izar Mahmudu, amma ta ji ya koma Itapuã wajen masunta. Ta yi sammako ta bi bakin teku da ƙafa, tana tafe tana tsara yadda za ta ɗauko tsohon a kujera kamar attajiri, a kai shi har tsakar makaranta ya faɗi sunan da bakinsa kamar yadda ya faɗa ranar farko. Har dariya take ita kaɗai. Da ta isa bukkokin masunta ta yi sallama da Hausa. Ba wanda ya amsa. Samarin da ke gyaran koma suka dube ta, suka tambaye ta da Fotugis me take nema. Ɗaya ya ce tsohon nan mai carbi ai tun bara ya shiga jirgin Ikko, ya ce gara ya mutu kusa da gida. Sauran tsofaffin masu irin yarensa kuwa duk suna ƙarƙashin yashi.

Ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale har rana ta karkata. A garinsu uwa tana iya yin shiru don akwai masu faɗa. Kaka tana kira, gwaggo tana kira, yaran unguwa suna kira daga bayan danga, sunan yana yawo ko'ina, ita ce kaɗai ba ta taɓa shi. Nan fa? Duk faɗin ƙasar nan, da gonakin rakenta da coci-cocinta, sunan nan a ƙirji ɗaya ya rage. Ta gane haka sarai. Ta tashi ta kakkaɓe zane ta kama hanya, ba ta yanke komai ba.

Hutun nan bai ba ta damar zama ta yi tunani ba ma. Ta je wajen magina tukwane ta zaɓi randa, ta ƙwanƙwasa fiye da goma kafin ta sami mai amon da ya yi mata. Ta yi rigima da kafinta a kan katako, ta ce ba ta son mai cin gara. Kullum da rana Firmino yana zuwa cin kifinsa, yana ci yana tsokanarta, yana cewa a duk lardin nan na Bahia shi kaɗai ne mai uwar ɗaki mai alawa da bai san ɗanɗanon alawarta ba. Ya fara ce mata Iya. Ta ɗinka sabon zane, na farko tun rasuwar yaronta.

Ranar buɗewa gari ya waye fes. Kande ta tashi da tuya ta cika kwando da ƙosai, ta ce sadaka ce, ko da yake ta riƙa lura da wanda ya ɗauki biyu. Masu ɗaukar kujera, tsofaffin abokan aikin Mahmudu 'yan Nago, suka ɗauko randar a kafaɗa suna waƙa kamar sun ɗauko amarya. Matan wankau suka zo, masu talla suka zo da tirensu, har filin makarantar ya kasa ɗaukar mutane, wasu suka hau katanga. Joana ta yi wa rigar Firmino sitaci har tana iya tsayuwa da kanta. Ga benci sabo a tsakar fili yana ƙamshin katako, ga kafinta a tsugune da guduma da ƙarfen sassaƙa.

Malam Anakleto ya yi jawabi mai tsawo, ya share tabarau sau da yawa. Da ya gama ya juyo wajen Lantana ya ce, Tiya Rita, sunan.

Lantana ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe baki. Kande tana zungurinta da gwiwar hannu. Kafinta ya jira, ya jira, ya dubi Malam Anakleto, shi kuma ya ɗaga kafaɗa cikin tausayi ya ce to, a sa Benedito. Kafinta ya ɗora ƙarfe a kan katako ya ɗaga guduma.

Sai Firmino ya fito daga layin yara, rigarsa na ƙara, ya zo ya tsaya gabanta.

"Iya, ni fa na san abin da likita ya ce, ba a ɓoye mini ba. In na riga ki isa can, dole in je in gaishe shi, in gaya masa bencinsa da daɗin zama. Benedito kuwa sun yi yawa a can, rabin garin nan ne. Da wane suna zan neme shi?"

Joana ta kai masa duka a kafaɗa ta ce ya rufe mata baki, wace irin magana ce wannan da sassafe. Shi kuwa murmushi yake, amma idonsa na kan Lantana, da gaske yake tambaya.

Ta tuna Innarta a bakin turmi. Ta ce mata a zuci, Inna, ki yi haƙuri, ba kowa a nan sai ni. Ta sauke ɗankwalin daga baki ta faɗa, a hankali, kamar yadda Malam Yahaya ya faɗa a bayan ƙofa.

Kafinta ya karkato kunne ya ce bai ji ba.

To, mace ce da ta yi shekara talatin tana tallan da ake jiyowa daga wata unguwa. Ta miƙe, ta ja numfashi, ta sake shi da muryar talla.

"Idirisu. Idirisu ɗan Mahmudu."

Tattabarun kan rufin makarantar suka tashi. Ɗan fari, da suruki, da miji, duk a numfashi ɗaya, a gaban maza, a tsakar fili. Ta tsaya tana jiran abin da zai faru da ita. Ba abin da ya faru, sai dai wani daɗi da sunan ya bari a bakinta wanda ba ta taɓa zato ba. Shekara ashirin da bakwai yana ƙirjinta, ashe haka yake a baki.

Kande ce ta fara dawowa hayyacinta. "Idirisu! Wallahi shi nake shirin faɗa ranar nan hayaƙi ya katse ni." Ta rangaɗa guɗa, wannan karon a kan gaskiya. Malam Anakleto ya sa yara suka maimaita, suka yi ta karya shi suna gyarawa har ya zauna a bakinsu. Guduma ta fara aiki. Firmino bai jira a gama ba, ya haye ɗaya gefen bencin ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce a miƙo masa moɗa ya buɗe randarsa.

Shekara biyu da wani abu ya yi a kan bencin nan. Ya fita sau nawa ya ga dama, ya sha ruwa har randa ta san shi, ya zo na ɗaya a lissafi. Bai kai ga kammalawa ba, ciwon ya ɗauke shi. Masu cewa asara ce suka dawo da maganarsu, har da masu zuwa ta'aziyya. Joana da kanta ta kore su daga ɗakin, ta ce ɗanta da littafi a hannu ya tafi, ba fuska a bango ba. Kafin a yi arba'in Lantana ta koma zaman bakin famfo da tirenta tana duban wuyan rigunan samari. Bayan Firmino yara uku suka zauna a bencin tana raye, ɗaya ma ya gama ya zama akawu a bakin teku.

Kada a zaci ta saki al'adarta. Duk tsawon shekara yaron nan take cewa, in Kande ta ambaci sunan a ɗaki sai ta harare ta. Amma ranar buɗe makaranta ba ta yarda Malam Anakleto ya kira shi. Ita take zuwa da sabon ɗauri, ta tsaya a tsakar fili ta kira da kanta, sau ɗaya, da ƙarfi, yara su amsa, ta ɗauki tirenta ta tafi talla tana sheƙi.

Ta rasu a 1887, saura shekara ɗaya a soke bauta a ƙasar, bayan an gama cin ƙarfin waɗanda za a ci. A littafin coci Rita aka rubuta. Abin da ta bari a adashi ta ce a ci gaba da bencin, matan wankau da masu talla suka karɓa suna ƙarawa. A makarantar kuwa, yaran da ko sannu ba su sani ba da Hausa, in sabon yaro ya zo siriri yana lasar leɓe yana waige-waigen ƙofa, sai su matsa masa hanya su ce ya je ya zauna a Idirisu, ga ruwa nan kusa.